Kabaid Ɗin Kawu da Nawa

A shekarun da kuɗin fetur ke ambaliya, gwamnati ta ƙudurta sai ta mai da mu injiniyoyi. Na dawo Wudil hutu daga makarantar koyon fasaha kaina a kumbure, na zarce rumfar Kawu mai walda. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na fara yi masa darasi a kan wani sinadari da ake kira kabaid ɗin nikel: taurinsa, yadda ake shafe ƙarfe da shi, da yadda yake hanzarta haɗin sinadarai a masana'antu.

Kawu kabaid ɗaya ya sani, dutsen nan mai wari da yake jiƙawa.

Ya ce, "In an zuba masa ruwa, yana ba da wutar walda?"

Na ce a'a.

"Yana nunar da ayaba?"

Na ce a'a.

"Ka taɓa riƙe shi a hannunka?"

Na ce a kan allo na gan shi, da alli.

Ya ce, "Allah ya ƙara ilimi," ya mayar da tabaraunsa.

Na ci jarrabawa, aka ba ni ofis da mota. Har na yi ritaya ban taɓa ganin kabaid ɗin nawa ba. Salansar motar kuwa, duk sanda ta fashe, wurin Kawu nake kaiwa.