Saniyar Da Ke Gidan Sarkin Fawa

Shekarun baya can, zamanin Turawa, ina ɗan doka a Isa, aka kawo majigi filin kasuwa. Aka nuna wani ɗan sanda da ya ƙi cin hanci har ya ɗaure manyan garinsu. Ni kuwa ga ƙuruciya, ga jar dara a ka, na koma gida ina taku kamar ni aka nuna.

Ba a jima ba wani makiyayi daga Turba ya kawo ƙara. An sace masa saniyar tatsa, ita kaɗai ke ciyar da 'ya'yansa, kuma ya bi sawunta har ƙofar sarkin fawa. Kowa ya kau da kai, don duk ranar kasuwa nama na shiga gidajen 'yan doka daga hannun mutumin nan. Shugabanmu ya ce wa makiyayin ya je ya yi haƙuri. Abin ya tsaya mini a rai, na ce ni zan bi maganar.

Kafin in isa gida har sarkin fawa ya aiko da cinya guda. Na ce a mayar.

"Kai ɗai ka ga majigin ga?" in ji matata. "Mi za mu ci in sun kore ka?"

"Za ni noma," na ce mata.

Washegari za a yanka saniyar. Na roƙi alƙali ya haɗa ni da wakilinsa, muka tarar da ita ɗaure cikin shanun yanka.

"Tawa ta, kasuwar Gatawa nis sawo ta," in ji sarkin fawa.

Na ce a kwance ta, kowa ya kira ta. Sarkin fawa ya yi fito, ya tafa hannu, ko kai ba ta ɗaga ba. Makiyayin ya tsaya nesa ya kira sunanta da Fillanci. Sai ta yi kuka, ta ratso shanu da mutane, ta zo tana lasar hannunsa. Alƙali ya mayar masa da abarsa.

Ni kuma aka ce na yi wa manya rashin kunya, aka karɓe kakina. Na koma garinmu Tsamaye na kama fartanya. Mun sha wuya ƙwarai, ba zan ɓoye ba, kuma abin ya yi mini ciwo. Amma yau ɗin nan da tsufana, in aka sake ɗaure saniyar nan, ko da rarrafe sai na je na kwance ta.