Ma'aunin Sista Rifkatu

Ina buɗe ɗakin niƙa da safen nan mai shara ta leƙo ta ce Sista Rifkatu ta rasu. Sai da na sa ta maimaita.

Tun ɗazu nake zaune a kan buhun waken soya, ban kunna inji ba.

Waɗanda suka san ni a kasuwar Zuru sun san ni dillalin hatsi ne, bakina ke ci da ni. Sista kuwa ita ce babbar nas a ɓangaren yara na wani asibiti a nan garin. Ita ta matsa wa asibitin ya fara rainon ƙananan sana'o'i: a ba ka ɗaki da wutar sola da shawara na shekara guda, asibiti ya zama kwastomanka na farko. Tsohon sito suka share mana. Mu uku muka fara. Mai walda da ke ƙera sandunan guragu ya koma Kontagora, mai ɗinki ta bi mijinta bariki. Saura ni da garin kunun yara, na dawa da gyaɗa da waken soya.

Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Dillali, ka wanke hannu?" Gaisuwarta ke nan kullum. Ita ta saya mini hular rufe kai, ita ta koya mini suyar waken har ƙarninsa ya fita.

Akwai abin da ta rufa mini asiri a kai, yau zan faɗa.

Da soya ta yi tsada, na rage ta, na cika da masara. Kala ɗaya, ƙamshi ɗaya. A kasuwa wannan ba ya ma cikin lissafin laifi.

Bayan 'yan makonni ta kira ni ɗakin awon yara. Ga wata mata daga ƙauyen Manga da 'yarta, kuncin yarinyar duk ya zube. Sista ta ce in ɗora ta a ma'auni da hannuna.

"Karanta mini, ai ka yi makaranta."

Na karanta. Ta nuna mini katin watan jiya. Lamba ɗaya.

"Uwar ba ta fasa dama mata kununka ko sau ɗaya ba. To ni da kai, wa ya fasa?"

Ni da ban taɓa rasa amsa ba, na ce, "Mama, ni ne."

"Mudun kasuwa ana buga masa gindi don a rage awo. Ma'aunin nan ba shi da gindin bugawa. Je ka zubar da wancan garin."

Ba ta kai ni gaban kowa ba. Yarinyar tana gudu yanzu, na gan ta a Manga.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta shigo, ta zauna a buhun nan da nake kai, tana haki. Na ce ta je likita ya duba ta, ta ce a asibiti take kwana take tashi. Ta ɗanɗana kunu ta ce gyaɗar ta ɗan ƙone. Sannan ta tuna mini Alhamis ɗin nan kwamitin asibiti zai zauna, ko a bar ɗakin ga masu sana'a ko a mayar da shi sito.

"Kada ka yi musu zaƙin bakinka. Kai musu katunan awo ka yi shiru. Ni zan yi maganar."

Yanzu babu mai maganar.

Na san wasu 'yan kwamitin suna karanta abin da nake rubutawa a shafin nan. To kun ji abin da na yi. In za ku kore ni, ku kore ni, amma ku bar ɗakin a ba wani. Ranar Alhamis zan zo da katunan, in zauna kusa da kujerarta, in yi shiru kamar yadda ta ce.

Allah ya ba ta hutawa, ya ta'azantar da 'ya'yanta. Musulminku da Kiristanku, duk wanda Sista ta taɓa auna masa ɗa, ya sa ta a addu'a. In da ragowa, ku sa ɗakin nan.