Baƙar filta daga kan dutse

Shekara huɗu na yi ina auna takardun da ake aiko mana daga wani dutse mai nisa, can gabas, kusa da iyaka. A ƙololuwarsa akwai ɗan ɗaki da injin da ke zuƙo iska ta cikin wata farar takarda kamar faifai, wadda muke kira filta. Duk abin da iska ta ɗauko, a jikinta yake maƙalewa. An zaɓi wurin ne don babu gari kusa, babu mota, babu murhun kowa, saboda haka abin da filta ta kama daga nesa ya zo. Aikina a ɗakin gwajinmu na Sakkwato shi ne in ɗora kowace a sikeli da matsefata kafin a tura ta, in sake ɗorawa idan ta dawo.

Mai kula da injin wani dattijo ne, tsohon makiyayi, da ke zaune a gindin dutsen. Duk bayan kwana uku yakan hau ya canza filta, ya rufe tsohuwar a gwangwaninta. Ƙarshen wata direba ya kawo su tasha a cikin kula, tare da takardar da dattijon yake rubutawa da ajami. Ni ajamina bai taka kara ya karya ba, don haka kwanan wata kawai nake dubawa in jefa ta a durowa.

Wata bazara, gab da faɗuwar damina, na buɗe gwangwani na ga filta baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Ta biyu ma haka. Ban tsaya tambayar kowa ba na kira dattijon a waya. Sai ya hau wani tudu yake samun sabis, don haka sai da na kira sau uku.

"Baba, ka hura wuta kusa da injin ne?"

"Wuta kuma, 'yata?"

"Ko shayi ka dafa. Ka faɗa mini gaskiya, aikin kwana shida ya lalace."

Ya ce tun ranar da aka gaya masa hayaƙi na ɓata aikin, ko ashana bai taɓa hawa da ita ba, abincinsa ma da sanyinsa yake ci a can sama. Na ce to, da muryar da ke nuna ban yarda ba. Na rubuta "an gurɓata" a gefen lambobin biyu.

Da yamma na koma gida Ƙofar Rini da takardarsa a jaka, don ina son in haɗa ta da rahoton da zan kai wa shugaban sashenmu. Mahaifina ya dawo daga mahauta, yana zaune kan tabarma a zaure. Na ba shi labari ina ta faɗa. Ya miƙo hannu.

"Kawo in gani. Mi yar rubuta?"

Ya sa tabarau ya karanta a hankali, yana bi da yatsa. Dattijon ya rubuta cewa kwana biyar ba a hango kwarin da ke ƙasa ba, rana ta yi ja tun kafin la'asar, iska daga gabas take, kuma da ƙaurin ciyawa a cikinta. Ya ƙara da cewa ya zagaya dutsen da ƙafa ko zai ga inda ake ƙuna, bai ga ko ɗaya ba.

Mahaifina ya cire tabarau. "Shekara nawa yana aiko miki wagga takarda?"

"Huɗu."

"Kuma ba ki taɓa karantawa ba?"

Na karɓi takardar na mayar da ita jaka.

Washegari na kai wa shugabanmu filtocin da takardar. Ya buɗe hotunan tauraron ɗan'adam na waɗancan kwanaki, ya bi sawun iskar da baya a kwamfuta. Layin ya ƙetare iyaka, ya nausa cikin wani daji mai nisan tafiyar kwanaki, inda jajayen ɗigo na wuta suka cika taswirar. Manoma da maharba ne ke ƙone daji kafin ruwa.

"Waɗannan ba lalatattu ba ne," in ji shi. "Domin irinsu aka kafa injin. Wa ya rubuta an gurɓata?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Na so in ba direba saƙon ban haƙuri ya kai wa dattijon. Mahaifina ya ce da bakina na yi zargin, da bakina zan janye. Kwana biyu ina nema kafin wayar ta shiga.

"Baba, ka yi haƙuri. Gaskiyarka ce, daga wata ƙasa hayaƙin ya zo."

"Ba komai, 'yata, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Can sai ya ce, "To su mutanen wurin fa? Idan ni a nan sama na shaƙi wannan, su da ke gindin wutar yaya suka yi?"

Na ce ban sani ba, injinmu ba ya auna wannan.

Daga nan na fito da tsofaffin takardunsa duka. Bayan la'asar mahaifina yana karantawa ina juyawa zuwa boko, har hannuna ya faɗa na fara karantawa da kaina. A ciki muka ga ranakun hazo, da ranar da sola ta ƙi caji injin ya tsaya rabin yini, abin da ya warware mana wani awo da ya daɗe yana ba mu mamaki.

Da aka rubuta sakamakon aikin, shugabanmu ya sa sunan dattijon a shafin godiya. Na kira na fassara masa layin da Hausa. Ya ce in maimaita, iska ta hana shi ji sosai. Na maimaita. Sai ya ce in gaya wa shugaba ƙofar ɗakin injin ta fara cin tsatsa, a aiko da fenti kafin ruwa ya yi ƙarfi.