Albasar da aka binne a ƙofar Gwaggo Mairo

Shekara bakwai ke nan da muka kai Gwaggo Mairo makwancinta, kuma har yau idan sanyin London ya fara sassautawa, ciyawa ta fara fitar da ƙananan furanni, ita nake tunawa. Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni lokacin da na zo karatu, a gidanta na ƙasa a Thamesmead, mai ɗan filin ciyawa a gaba.

Gwaggo ba ta yarda da tsiron da ba ta san asalinsa ba. A Gwarzo takan gane tafasa da gasaya da rai-ɗore tun suna ganye biyu, saboda haka da ta zo nan sai ta sa ciyawar ƙofarta a gaba da bincike. Farin nan mai ɗigon rawaya a tsakiya, wanda ke rufewa da yamma, ta raɗa masa suna mai-kunya. Mai ruwan ɗorawa da ke fitar da farin ruwa idan an karya shi, ta hana yara taɓawa. Akwai wani shuɗi ɗan mitsitsi da ke rarrafe a ƙasa, shi ma sai da ta tona ta ga saiwarsa siririya ce sannan ta ƙyale shi. A wurinta, duk furen da ya fito a warwatse iska ce ta kawo shi, ba ruwanta da shi.

Sai wata shekara, a ƙarshen Fabrairu, wasu furanni masu launin shunayya, kamar ƙananan kofuna, suka fito a jere tun daga bakin ƙofarta har hanya. Ta ɗauko cokali ta tona. A ƙarƙashin kowanne ta tarar da wani abu kamar 'yar albasa, an binne su zurfi ɗaya, tazara ɗaya. Ga shi kuma a cikin wannan sanyin ne ƙafarta ta fara kumbura.

Ba a jima ba maƙwabciyarta Mma Asana, 'yar zangon Kumasi, ƙawarta ta shekara da shekaru, ta shigo tana dariya, ta ce ai ita ce ta binne su tun Oktoba don Gwaggo ta wayi gari ta ga abin sha'awa. Gwaggo ta dube ta ta ce, "Asana, in kyauta ce me ya hana ki miƙo min a hannu? Me ya kai ki tona ƙofata ban sani ba?" Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Magana ta zagaya matan unguwa cewa sammu aka binne mata, kuma da Gwaggo ta rasu sai zargin ya zauna daram. Har yau idan Mma Asana ta kawo abinci wurin suna ko walima, kwanonta a cike yake komawa.

Yanzu gane fure ya zama wasan yara. 'Yata takan ɗora waya a kansa ta ce min, "Mum, it's just a crocus." Na bincika da kaina. Sunansa ke nan, ana sayar da 'yar albasar a shaguna, ana binne ta kafin sanyi. Likita ma ya ce ciwon zuciya ne ya kumbura ƙafar. Na san abin da Gwaggo za ta ce game da wayar: wa ya gaya mata, shi kuma wa ya aiko shi? Ni kaina sunan bai wanke min zuciya ba. Nakan ce, me ya sa Mma Asana ba ta fara shukawa a tata ƙofar ba? Sai kuma in tuna a bene na uku take, ko taki ɗaya na ƙasa ba ta da shi.

Makon jiya muka taru don yi wa Gwaggo addu'a. Mma Asana ta zo tana dogara sanda, da kwanon shinkafa da wake. Aka ci na kowa, aka tsallake nata. Can ta kira ni da Hausarta ta zango, wadda ba ta bambance mace da namiji, ta ce, "Hadiza, kai ne ya zauna da shi. Zo ka ci, mutane su gani." Na san in na ƙi, da wannan baƙin sunan tsohuwar nan za ta shiga kabari. In kuma na ci, na faɗa wa duniya cewa matar da ta riƙe ni ta zalunci ƙawarta.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata. Ta bar min idon duba ƙasa kafin in taka, abin da ya tsare ni sau da yawa a garin nan, ta kuma bar min zuciyar da ba ta iya sakewa, wadda ban san yadda zan yi da ita ba.

Na zauna, na jawo kwanon, na ci kowa yana kallo. Amma cokali biyu na ɗauko, na miƙa mata ɗaya, kuma sai da ta haɗiye lomar farko sannan na kai tawa baki. Ta lura. Sai ta ajiye cokalinta a hankali.