Saniya Ce, In Ji Radivoj

Kullum da ƙarfe shida Radivoj Pejin yakan sauko bakin kogin Tisa da butar kofinsa, ya kwance sarƙar jirgin fito, ya dubi sandar da ya kafa a laka don ya ga yadda ruwa ya kwana. In ya ƙaru, sai ya yi tsaki ya kama aiki. In ya ja baya har tudun tsakuwa ya fito, to matan da ke kai tattasai kasuwa sun san fito na biyu zai makara, don sai ya taka tudun nan a sunkuye, hannu a baya, kamar wanda ya yar da makulli. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara bin sahunta. Hukumar gari za ta ba shi agogon bango saboda bai taɓa nutsar da kowa ba. Ainihin aikinsa kuwa ba za ta ambata ba, don ba ta san ya yi shi ba.

Kowace ambaliya sai kogin nan ya yagi gaɓa ya zubo da abin da ƙasa ta ɓoye tun zamanin ƙanƙara: haƙorin giwa mai gashi, ƙahon ɓauna, muƙamuƙin karkanda. Masunta na jawo su a raga, masu wanka na tuntuɓe da su. Sai dai kogin ya yi shekara tamanin yana bi ta bayan tsohuwar mayanka, kuma lakarsa na rina ƙashi baƙi ƙirin cikin shekara goma. Saboda haka duk wanda ya tsinci baƙin ƙashi sai ya rungumo shi zuwa rumfar Radivoj, yana hango sunansa a gidan tarihi.

Littafin Radivoj ɗaya ne, na hotunan ƙasusuwa, wanda wani likitan dabbobi ya manta a jirgi. Sauran ilimin a hannunsa yake. Yakan jinjina ƙashin a tafi, ya ƙwanƙwasa shi da cokali ya saurara, sannan ya gasa allura ya soka a gefe ya shaƙa. In ya ji ƙaurin gashi, magana ta ƙare, ƙashin ba na zamanin da ba ne. Ina tsaye ranar da Dragoljub mai gidan abinci ya zo da nasa naɗe a tawul.

"Saniya ce."

"Haba Rade, dubi girmansa! Wace irin saniya ce haka?"

"Irin wadda kakanka ya ci. Ga sawun zarton mahauci nan."

"Kai dai baƙin ciki kake yi mini."

"Ƙwarai. Kai wa matarka ta sa a miya, wataƙila da saura."

In kuwa abin na gaske ne, ba ya barkwanci. Sai ya goge hannu a riga, ya yanko takarda ya rubuta ranar, da lanƙwasar kogin da aka same shi, da sunan wanda ya tsinta. Nasa sunan bai taɓa shiga ba. Irin waɗannan takardu, kowace da ƙashinta, sun fi ɗari uku a gidan tarihi na birni. Wani shehun malami ya rubuta littafi a kansu, shafi ɗari huɗu, na karanta shi kaf. A shafin ƙarshe ya gode wa "mazauna yankin". In kuma abin ya fi ƙarfin Radivoj, sai ya ce, "Ban sani ba." Na yi shekara talatin ina koyarwa cikin masu digiri, ban ji wannan daga bakin ko ɗayansu ba.

Duk garin nan ni ne ban cancanci in yabe shi ba, kuma ga dalili.

Shekara bakwai da suka wuce likita ya ja ni gefe ya ce matata Smiljka ba za ta kai hunturu ba. Muka yi yadda ake yi a nan: muka ɓoye mata. Ni da ƙanwarta da likitan da limamin coci, duk bakinmu ɗaya, gyambon ciki ne, zai wuce. Lokacin tana iya takawa zuwa bakin kogi, kuma ruwa ya ja sosai a watan Agusta. Nan ta tsinci wani dogon ƙashi baƙi. Kwana uku tana wanke shi da tsohon burushin haƙori, har abinci ta fara ci. Sai na riga ta zuwa wurin Radivoj.

"Rade, gobe za ta kawo maka wani ƙashi. Ko mene ne, ka ce na karkanda ne."

"In na karkanda ne zan faɗa."

"Ba za ta kai hunturu ba. Kana ji na?"

Ya ci gaba da naɗe igiyarsa. Can ya ce, "Ina jin ka, Malam. Kawo ta."

Na ɗauka ya yarda. Washegari ya daɗe a kan ƙashin nan fiye da yadda na taɓa gani. Sau biyu ya ƙwanƙwasa, sau biyu ya gasa allura. Da ya ɗago kai, ita ya duba, ba ni ba.

"Saniya ce, Smiljka. Ƙafar gaba. Ba ta fi shekara talatin a ruwa ba."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Rade. Wata biyu ke nan ba wanda ya gaya mini abu yadda yake." Muna hawa gangare za mu koma gida sai ta tsaya, ta dafa kafaɗata. "To, sarkin karatu, saura kai. Wata nawa suka ce?"

Na faɗa mata. Ba ni da wata mafita.

Bayan mun binne ta, na ɗora wa Radivoj laifi, don shi ne ya fi kusa. Na ce ba shi da zuciya. Shekara bakwai ina hawan mota in zaga ta gada, tafiyar kilomita ashirin, don in haye kogin da nake hango tsallakensa ta tagar ɗakina. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne, cikin shekara talatin da shida na aurenmu, makonni goma sha ɗayan nan na ƙarshe ne muka fi yin magana. Ta zaɓi rigar da za a sa mata. Ta gaya mini abin da ta riƙe ni da shi tun muna matasa, kuma tana da gaskiya. Da ya yi abin da na roƙa, da ta mutu cikin masu yi mata wasan kwaikwayo, ni ne kuma babbansu.

Sai a watan jiya Dragoljub ya gaya mini cewa ranar nan, bayan mun tafi, Radivoj ya ɗaure jirgi ya shiga rumfa ya rufe, bai ƙara yin fito ba sai washegari. Mutane suka yi ta ƙwala masa kira daga tsallake. Cikin shekara arba'in da ɗaya, sau ɗayan ke nan.

Kai ne, Radivoj, mai cokali da allura, wanda bai taɓa ƙara wa ƙashi ko shekara ɗaya don ya faranta wa mutum rai ba. Kai ne ka san abin da gaskiyar za ta jawo maka, ka faɗe ta, ka shiga rumfa ka ji zafinta kai kaɗai. Na kira ka marar zuciya a kan abin da ni na kasa.

Yanzu masu yawon bakin kogi waya suke nuna wa ƙashi, ita kuma ta gaya musu abin da suke son ji. Ina roƙonsu su je wurin tsohon nan tun kunnensa da hancinsa na aiki, su koyi bugun cokali, su kuma koyi faɗin "saniya ce" ga mutumin da idonsa ke roƙon a ce masa wani abu dabam. Ban sa rai da yawa za su je ba. Ko biyu suka je, an rage asara.

Ranar Talata na hau jirginsa. Ya ƙanƙance ido ya dube ni.

"Malam, ka tsufa."

"Kai ma."

"Motar ce ta lalace?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai ya saki sarƙa. Na shirya maganar tun daga gida, amma har muka taɓa gaɓa ban buɗe baki ba. Kogin bai kai faɗin da zan iya ba. Shi ya sa na kawo ta nan a rubuce, inda ba za ka dube ni ba. Ka sa wani ya karanta maka a hankali.

Na gode, Rade. Ita ta gode maka a ranar. Ni ne na makara.