Likitan Dabbobi Ne Ya Ga Ciwon Ɗiyata

Shekaru sun share mini abubuwa da yawa daga kai, amma ranar da likitan dabbobi ya zo duba ragona ya ɓuge da ceton ran ɗiyata, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Idan na ba da labarin a majalisa mutane dariya suke yi. Ni ma ina taya su, sai dai tawa dariyar iyakarta baki.

Ƙauyenmu yana tsakanin Safo da Madarumfa. Manomi ne ni, gero da wake da gyaɗa, ina kuma taɓa kiwo. A lokacin ana sa ni cikin masu rufin asiri. Rumbuna biyu ba su taɓa ƙarewa kafin kaka ba, ga buhunan gyaɗa na kulle a ɗaki ina jiran ta yi tsada in kai kasuwar Ɗan Issa. Da wani zai tsaya gabana ya ce akwai yunwa a gidana, da sai an raba mu.

A shekarar ina da wani farin rago da nake turke da shi don kasuwar Layya. Ban taɓa kula da wani mai rai kamar yadda na kula da ragon nan ba. Da safe dusa da ɗan gishiri, da rana harawar wake, da maraice in daka masa ƙuli-ƙuli in jiƙa. Na yi masa rumfa, na shimfiɗa leda a sama don kada ruwa ya taɓa shi. Duk Juma'a sai na yi masa wanka da sabulu. Idan ya rage dusa ko da cikin tafin hannu ce, na sani, kuma ranar ba mai ganin haƙorina.

A gidan kuma akwai ɗiyata ƙarama, shekararta ɗaya da 'yan watanni. An yaye ta da wuri saboda uwarta ta sami ciki. Tun daga nan abincinta ya koma kunun gero tsararo da ruwan fura. Zabinmu suna ƙwai, amma na kasuwa ne, kuma mun taso muna ji ana cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. To, mun tsare ta daga sata ƙwarai da gaske.

Matata ta sha yi mini magana. Wata rana ina dama wa rago dusa ta tsaya bayana ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ba ta ci. Dubi gashinta ya yi ja, ko wasa ta daina."

Ban ko juyo ba na ce, "Haƙori ne. Duk 'yan'uwanta haka suka yi."

Bayan 'yan makonni sai na ga kumatun yarinyar sun ciko, ƙafafunta sun yi ɓul-ɓul. Har na ɗaga ta na nuna wa uwar, na ce, "Ke da kike cewa ba ta ci, wannan ƙibar daga ina ta zo?" Na tuna yadda matata ta dube ni, ta karɓe ta ta shige ɗaki. A lokacin na ɗauka na ci gardama ne.

Da damina ta faɗi aka yi wani ruwa mai iska, garin ya kwana biyu da sanyi. Ranar Talata da safe na ji ragona ya yi tari sau biyu. Kafin rana ta ɗaga na buga wa likitan dabbobi talho, na ce ya bar duk abin da yake yi ya taho. Ya zo a kan moto, wato babur, ya yi wa rago allura, ya ce zai dawo bayan kwana uku. A ranar ce ita ma yarinyar ta fara tari da zazzaɓi. Ita kuma na tsaya wurin mai tebur a bakin masallaci na karɓo mata ƙwayoyi huɗu a ƙullin leda da man zafi, na ce a shafa mata a ƙirji, mura ce.

Kwana uku ina kai da komo tsakanin gona da turke. Matata ta ce mini numfashin yarinyar ya canza, na ce a ƙara mata zane. Mahaifiyata, wadda muke gida ɗaya da ita, ta ce iska ce ta taɓa ta, ta turara mata hayaƙin magani a kasko. Yarinyar da numfashi yake gagara, mu kuma muka ƙara mata da hayaƙi.

Ranar Juma'a da hantsi likitan ya dawo. Dattijo ne mai furfura, ba ya da yawan magana. Ya buɗe bakin rago, ya taɓa kunnensa, ya ce ya warke sarai. Ina cikin yi masa godiya sai na ga ya karkata kai yana saurare. Daga bayan danga, inda matata take zaune da yarinyar a cinya, ana jin wani ɗan gurnani, kamar ana jan numfashi ta cikin tsinke.

Ya ce, "Maigida, wace dabba ce kuma ka ɓoye can?"

Na yi dariya na ce, "Ba dabba ba ce, ɗiyata ce ke mura."

Bai yi dariya ba. Ya ce in kawo ta ya gani. Na karɓo ta na kawo masa nan gindin rumfar rago, don nan ne inuwa ta fi kyau a gidan. Ya ɗaga rigarta. Sai a lokacin na ga abin da aka kwana uku ana gaya mini: duk numfashin da ta ja, ƙasan haƙarƙarinta sai ya lotsa ciki, hancinta yana buɗewa yana rufewa. Ya sa babban yatsa ya danna bayan ƙafarta, ya ɗauke. Ramin yatsan ya zauna kamar an danna tuwo.

Na ce, "Ai ƙiba ce."

Ya ce, "Kai da ke kiwo, in ragonka ya kumbura haka, ƙiba za ka ce? Ni ba likitan mutane ba ne, amma wagga yarinya in ta kai maraice a gidan nan, ban san abin da za ka iske ba. Ɗauko mayafi."

Mahaifiyata ce ta goya ta, ta hau bayan motonsa, tsohuwar da ba ta taɓa yarda ta hau moto ba. Ni da matata muka bi su a kabu-kabu. A ƙaramin gidan likita majo, malamin jinyar wurin, ya naɗa mata wani ɗan ma'auni mai launi a dantse, ya tsaya a kan ja. Bai ɓata lokaci ba ya yi mata allura ya rubuta takarda, aka wuce da mu babban asibiti a Madarumfa.

Can aka sa mata robar iska a hanci, aka zura wata siririya ta ba ta madara, don ko haɗiya ba ta iyawa. Wata malamar asibiti, wadda a haife na haife ta, ta zaunar da ni da takarda a hannu. Ta ce ciwon haƙarƙari ne ya kama huhunta, kuma ya same ta da tamowa, ciwon rashin abinci mai gina jiki, shi ya sa jikin ya kasa tsayawa.

Na ce, "Tamowa? Malama, a gidana? Ki aika a duba rumbuna."

Ta ce, "Baba, ba rumbu aka kawo mana ba. Mi take ci da safe?"

Na juya na dubi matata.

"Sau nawa take ci a yini?"

Na sake duban matata.

"To, yaushe ta fara tari?"

Nan kam na samu wadda na sani, har da saurina na ce, "Talata! Rana ɗaya da ragona."

Malamar ta ɗago ta dube ni, ta dubi matata, ta sunkuya ta rubuta. Na sha zagi a rayuwata, amma ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar shirun malamar nan ba.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro ɗan wajen garin Sarkin Yamma, ciwonsu ɗaya. Ubansa ba ya da gona, ƙwadago yake yi, a amalanken aro ya kawo shi. A kwana na uku, bayan la'asar, yaron ya cika. Na taya uban naɗe shi a zane, na raka shi bakin ƙofa. Yana hawaye yana ce mini, "Da ina da abin ba shi, da bai kai haka ba." Shi yana da abin faɗa wa Ubangijinsa. Ni in tawa ta tafi, mi zan ce?

Allah bai kama ni da wautata ba. A kwana na shida aka cire robar iska. Kumburin ya saɓe, sai ga ainihin yarinyar ta fito, ƙashi da fata, har na ji tsoron ɗaukarta. A can Layya ta same mu. Ragon da na yi wata bakwai ina yi wa bauta, ƙanena ne ya ja shi kasuwa, ban ma ga tafiyarsa ba.

Da ta fara karɓar abinci sai aka kawo wani magani a 'yar jakar leda mai ƙyalli, an ce daga nesa ake kawo shi. Tana lasa tana lumshe ido. Na lakaci kaɗan na sa a baki don in ji wannan abin al'ajabi na Turawa. Na tsaya. Na sake lasa.

Na ce, "Malama, wannan ai gyaɗa ce."

Ta ce, "Ita ce, Baba. Da madara da mai da sukari da 'yan sinadarai. Kuna noma ta a wajenku?"

Matata ce ta amsa, a hankali, ba tare da ta dube ni ba: "Buhu-buhu. Tana jiran tsada."

Mun yi kwana goma sha biyu aka sallame mu. Yau yarinyar tana lakwal tana karatu, ta fi duk 'yan'uwanta surutu, sai dai har yanzu idan sanyi ya shigo ƙirjinta yakan motsa, kuma duk tarin da ta yi ni yake fara tayarwa.

Abin da na koya shi ne, namiji yana iya rantsuwa cewa ba a yunwa a gidansa alhali kwanonsa kaɗai ya sani. Ƙaramin yaro ba ya zuwa ya kai ƙara, ciwonsa a jikinsa yake rubuce, kuma uwar da ke riƙe da shi ta riga kowa karantawa. In ta yi magana, a ajiye abin da ake yi a juyo. Yanzu idan ana ba yara abinci nakan jawo tabarma in zauna in ga abin da ya shiga cikinsu, kuma duk yaron da na ji yana tari a unguwa, ko na wane ne, sai na ɗaga rigarsa na dubi haƙarƙarinsa. Abokaina har sun sa mini suna ungozoma. Ina amsawa, don na san sunan da za a kira ni da shi da yarinyar nan ta mutu a gidan da ke cike da abinci.