Neman Muryar Mudi Kunne

A damunar nan ƙanena Mahmud ya cika shekara goma sha huɗu da rasuwa. 'Yan fim a Jos ba su san shi da wannan suna ba, Mudi Kunne suke ce masa, saboda ɗaukar sauti ne aikinsa. Shi ne mutumin nan da ke tsayawa gefen mai kyamara, ya ɗaga doguwar sanda mai makirufo sama da kan 'yan wasa har hannunsa ya sage, iyafis a kunne, fuska a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ni yayarsa ce, ɗinki nake yi a unguwar Ali Kazaure, kuma rigunan 'yan wasansu da yawa daga kan kekena suka fito. Na ga aikinsa da idona, na kuma sha faɗa da shi a kansa.

Mudi bai ware irin fim ba. Ya yi na barkwanci, inda yake cewa idan ƙarar faɗuwar kwano ta makara da ƙiftawar ido, to dariya ta mutu. Ya yi na 'yan fashi da masu bincike, irin wanda ke sa mai kallo ya manta da abincin da ke gabansa. Ƙofar nan da ke kuka a hankali kafin mugu ya shigo, wadda ta tsorata rabin garin nan, ƙofar kicin ɗina ce. Shekara biyu ya hana ni ɗiga mata mai. Amma inda zuciyarsa take shi ne finafinan gaskiya da gaskiya, waɗanda babu wasa a cikinsu: tsofaffin mahaƙa kuza suna ba da labarin ramukan da suka ci ƙuruciyarsu, matan Fulani masu tallar nono, manoman dankali a bakin kududdufai. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mudi ya ƙare rayuwarsa yana musu da wannan magana.

Yana da wata ɗabi'a da ta ishi kowa. Duk inda aka gama ɗauka, kafin a naɗe kaya, sai ya ɗaga hannu, kowa ya ƙame na minti ɗaya, shi kuma ya naɗi shirun wurin. Wai kowane wuri da irin shirunsa, na tsakar gida a Anguwan Rogo daban, na kan dutse daban, kuma mai tace fim zai buƙace shi ya cike tsakanin maganganu. Wanda ya yi tari a wannan minti ya shiga uku, don da harara kawai Mudi zai sa a sake daga farko. Na taɓa ce masa, mutum da hankalinsa ya tara manya a rana yana ɗaukar babu! Ya ci gaba da naɗe wayoyinsa. Dama can ba mai magana ba ne, a wurin aiki kuwa da hannu yake ba da umarni don kada muryarsa ta ɓata masa kaset.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Jos ta yau. Yanzu kowane matashi da wayarsa yana haɗa fim, hoto tangaran, amma sauti kamar ana magana a cikin randa. Na san zai yi tsaki har ya gaji. Na kuma san bayan tsakin zai kira su gefe ya nuna musu inda ake ajiye makirufo, domin rowar ilimi ba ta cikin halinsa.

Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne 'yarsa Asiya. Tana da shekara ɗaya da 'yan watanni ya kwanta ciwon da bai tashi ba, kuma a hannuna ta girma. Sunan mahaifiyarmu ta ci. Bara, muna tsince shinkafa, ta ce, "Gwaggo, wai yaya muryar Babana take?"

Na buɗe baki zan kwatanta mata, sai na ga ni ma ta fara ɓace mini. Ranar na ji kunya, na kuma ji haushin kanmu gaba ɗaya. Mutumin da ya adana muryoyin tsofaffi da 'yan wasa da ƙofar kicin, babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya yi tunanin juya masa makirufo. Shi kuwa wanzami ne, ba ya son jarfa.

Abin da ya rage shi ne akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, cike da ƙananan kaset-kaset na ɗanyen aiki, wanda ba a tace ba. Da na buɗe na tarar sanyin damunar Jos ya riga ni, fumfuna ta cinye kusan rabi. Muka kwashi sauran a keke mai ƙafa uku zuwa unguwar Daɗin Kowa, gidan Oga Bulus, wanda ya yi shekaru yana tace finafinan da Mudi ya ɗauka. Shi kaɗai na sani da ke da tsohuwar na'urar da ke karanta irin waɗannan kaset.

"Madam, mashin ɗin nan ya tsufa kamar ni," in ji shi. "In ya haɗiye kaset, shi ke nan fa. Za mu gwada, amma ba alkawari."

Kowace Asabar da hantsi muke zuwa, har wata uku. Na'urar ta haɗiye kaset huɗu a gabanmu, kuma duk wanda ta haɗiye sai in ga Asiya ta sunkuyar da kai, don mai yiwuwa a cikinsa muryar take. Mun ji abubuwa da yawa. Mun ji Jos lokacin da 'yan acaɓa suka cika titi. Mun ji wani tsoho yana rera waƙar da suke yi a ramin kuza, wadda Oga Bulus ya ce ko jikokinsa ba su san ta ba. Wasu matasa masu fim da waya suka samu labari, suka riƙa zuwa suna zama a ƙasa suna sauraro, har suka roƙi a kwafe musu. Muryar kowa ta fito, ban da ta mai aikin.

A Asabar ta goma sha biyu aka saka kaset ɗin wani fim na barkwanci da aka ɗauka a tsakar gidanmu. An gama wasa, an shiga mintin shirun nan. Oga Bulus ya kai hannu zai wuce da shi kamar yadda ya saba, sai kukan jaririya ya tashi daga ɗaki. Muka ji darakta ya yi tsaki ya ce a kashe a sake. Sai wata murya ta fito, ƙasa-ƙasa, daf da makirufo.

"Kar a kashe. 'Yata ce, ku bar ta ta yi." Kukan ya ci gaba. "Na'am, Uwata. Na ji ki."

Ni na fara rushewa da kuka, ban ɓoye ba. Oga Bulus ya cire tabarau ya juya wajen taga.

Finafinan Mudi da yawa sun bi faifai sun ɓace, kuma sunansa dama can a ƙarshe yake fitowa, lokacin da masu kallo sun tashi. Ban damu ba. Waƙar tsohon nan ta tsira, matasan nan sun fara tsayar da mutane minti ɗaya bayan ɗauka, ana zaginsu yadda aka zage shi. Allah Ya jiƙan ƙanena, Ya saurari roƙonsa kamar yadda Mudi ya saurari bayinSa.

Asiya kuwa ba ta yi kuka ba a ranar. Sau uku ta sa aka maimaita mata wurin, tana riƙe da iyafis da hannu biyu. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Gwaggo," ta ce, "ni yake amsa wa."